Ƙeyar Malamin Lissafi

Ranar da aka kira Tela makarantar 'yarta, ko zaren da ya maƙale a mayafinta ba ta tsaya cirewa ba. Amma labari ya riga ta isa. Wai 'yar tata Doguwa, yarinyar da ko kallon mutum ba ta iya yi ido cikin ido, an kama ta tana ɗaukar Malamin Lissafi hoto a aji. Mai shara a bakin ƙofa har ta ƙara gishiri, wai so ne. Malamin da ya aurar da 'ya'ya biyu!

A ofis, Shugabar makaranta ta turo wayar da ɗan yatsa kamar mushen ɓera. Doguwa na raɓe a lungu, Malam na zaune ya haɗe rai.

"Maman Doguwa, gani da idonki," in ji Shugaba. "Hoto ya fi ɗari. Hukuncinta kora ce ta sati biyu."

Jarrabawa saura kwana tara, in ta wuce yarinyar sai maimaita aji.

Tela ta ɗauki wayar tana ja. Ƙeya. Ƙeya kuma. Ga sanƙon Malam yana sheƙi kamar an goge shi da mai.

"Ke!" ta ce wa 'yar. "Duk abin kallon duniya, ƙeya kika zaɓa?"

Malam ya yi gyaran murya. Doguwa ta ƙara sunkuyar da kai.

To, ita Tela shekara uku ke nan ba ta ganin kafar allura sai ta haska ta da kyamarar waya, ta buɗe hoton da yatsu biyu. Hannunta ya saba, sai ya yi hakan da kansa. Ƙeyar Malam ta zame gefe, lambobi suka fito ɓaro-ɓaro a kan allo. Ta buɗe na gaba, haka. Na gabansa ma haka.

"Malam, ina take zama a aji?"

"Can baya. Da tsawo muke jera su, gajeru gaba."

Tela ta miƙe, ta ciro kalandar da ke bango, ta ja da baya har bakin ƙofa.

"Karanta min."

Doguwa ta ƙanƙance ido har goshinta ya tattare. "Ja da baƙi kawai nake gani, Mama."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Kika yi shiru? Ni dodo ce?"

"In na zo gaba zan tare wa kowa," ta ce. "Da ma falwaya suke ce min."

Malam ya shafa kansa a hankali.

"Shi ya sa aikin gidanta ba kuskure," ya ce, "amma a aji sai ta zuba min ido."

"Allah ya ba ka haƙuri, Malam," in ji Tela, "ba kai take kallo ba. Tare mata allo kake yi."

Shugaba ta sa takarda ta rufe baki, kafaɗunta na girgiza. Da ta samu kanta, ta yaga takardar kora, ta rubuta wata zuwa asibitin ido. Kafin tabarau ya fito, in ji ta, wayar ta zauna a kife kan benci, a ɗaga ta in an gama rubutu.

Washegari Tela ta kasa zama a shago, ta je ta leƙa ta tagar aji. Malam ya cika allo, ya ajiye alli, ya koma can jikin ƙofa ya harɗe hannu.

"Doguwa, ɗauka. Akwai wani kuma da ba ya gani daga baya?"

Sai hannu ya tashi, wani ya bi, har guda biyar.