Saiwar Tumatirin Gaji

Maiwada ya tumɓuke gindin tumatir na bakwai. Shi ma saiwarsa ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, cikin karan ya yi baƙi. Ban ruwa bai gaza ba, amma tun hantsi ganye ke yaushi. Haka lambunan Toranke suka zama a ranin da ya biyo bayan babban fari.

Ban da lambun Gaji, matar marigayi yayansa. Nata kore shar, ƙananan tumatir masu tsami, irin da ta gada wurin uwarta. Maza sun raina shi tun da suka samo iri mai manyan 'ya'ya a kasuwar Gaya.

"Wannan ƙulli hannu ne ya yi shi," in ji Tukur, maƙwabcinsa. "Ka duba wanda bai yi asara ba mana."

Maiwada ya san Gaji sarai, tuwonta ya ci har ya yi gemu. Amma wanda ya yi asara ya fi son a ce masa wani ne ya ja masa.

* * *

Su goma sha suka shiga lambun da fartanya. Gaji ta ajiye guganta.

"Har da kai, Maiwada? To ku bar mini ko gindi ɗaya, na iri."

Bai dube ta ba. Ya finciko gindin farko, sai ga saiwa fara tas, ba ƙulli ko ɗaya.

"Kun gani!" Tukur ya yi ihu. "Nata ba ta ƙulla ba!"

Suka tara komai suka cinna wuta. Daga ranar sunanta ya koma mayya, ko gaisuwarta ba a amsawa. Ta ɗaure kayanta ta tafi Gafasa, can ta rasu, ba ta ga damina ba.

* * *

Bayan shekara biyu wani malamin gona ya zo ya duba saiwoyin. Ya ce wata tsutsa ce da ido ba ya gani take huda saiwa, ruɓa kuma ta bi ta kafar.

"Amma akwai irin da ke jure musu. In wani lambu ya taɓa tsira a nan, ku taimaka mini da irinsa."

Tukur ya shiga gyaran hula.

Kunya ta hana Maiwada sakat. Har ya tsufa, kowane rani yana ɗaukar guga ya bayar da ruwa a inda suka tara tokar, ya tsuguna yana bincika ciyawa ɗaya-ɗaya, ko wata ƙwayar iri ta tsere wa wuta. In iska ta kaɗa, sai ya ji ana cewa ko gindi ɗaya.