Keken da Ciɗo Ya Zaɓo a Ƙwanni

A unguwar dukawa ta Tawa, in ka ji an ce "masu tabarma ɗaya", to da Ciɗo baduku da matarsa Rahamatu ake. Sauran dukawa a zaure suke aiki ko a rumfar kasuwa, tsakaninsu da matansu sai aiken fura. Shi kuwa Ciɗo, tun Rahamatu na amarya ya shimfiɗa tabarma gindin aduwar tsakar gida, ya ce ɗinkinsa na mutum biyu ne. Shi ke huda fata da basilla, ita ke zura siririn zaren fata ta ja kafin ramin ya tsuke. Haka suke, gwiwarsa na gogar tata, har ɗiyarsu ta yi aure a Kalfu, har furfura ta sauko musu. An yi gulma har an gaji. Wasu suka ce ta shanye shi, wasu suka ce rowa ce ta hana shi ɗaukar mai taimako.

Sai dai Rahamatu na da hali guda. Da ta hango maƙwabciyarta Ladi ta saman danga, sai ta ware yatsu.

"Dubi hannuna, Ladi. Mutumen ga sai ya kashe ni da aiki. Ko gidan suna bai bari in daɗe, wai bai iya ɗinki in ba ni kusa."

Ladi, wadda nata mijin sai ya sha ruwa ya yi gyatsa yake tuna akwai wadda ta tuƙa tuwon, takan taɓe baki ta ce, "Sannu, sarauniya." Kowace mace ta san wannan ba kuka ba ne, yanga ce. Amma Ciɗo yana ji daga kan tabarma.

Shekarun nan ne Nasara suka miƙa mulki, gari ya cika da sababbin ma'aikata, kowa na son sakoshi, jakar fata ta takardu, ya rataya ya shiga biro, wato ofis. Wata safiya Ciɗo ya hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa Ƙwanni. Da ya dawo, ƙarti ne suka sauke masa keken ɗinki baƙi wuluk, mai ƙatuwar allura.

"Ba irin na teloli ba ne," in ji shi, yana shafa ƙarfen. "Wanga hwatar akuya biyu yaka ci a haɗe. An gwada mini na hannu, mai sauƙin ɗauka, na ce a'a, na ƙahwa nika so. Kin huta, Rahamatu. Na daɗe ina jin abin da kike hwaɗa ma Ladi."

Rahamatu ta ji kamar an kwara mata ruwan randa. Ta yaya mace mai jika za ta buɗe baki ta ce wa miji, ni zaman nake so? Ta durƙusa ta ce, "Allah shi sa alheri, Malam."

Keken bai kwana biyu a gidan ba aka kai shi kasuwa, rumfar Alƙasum tela, don ma'aikata ba za su riƙa sallama a gidan matar aure ba. Ciɗo ya koma fita da hantsi, dawowa da la'asar sakaliya. Kantar yatsunta ta fara laushi. Takan share gindin aduwa sau biyu, ba don datti ba. Ladi kuwa ta samu abin yi.

"Sarauniya, yau ba kukan hannu? Kishiyar ƙarhe ta amshe girki ke nan!"

Kullum in ya tashi, Ciɗo yakan cire gidan kwarkwaro, ɗan ƙarfen da zaren ƙasa ke zama a ciki, ya jefa aljihu, don kada wani ya taka masa keke a bayansa. Guda ɗaya ne tak, kuma babu irinsa a Tawa. Ranar da Rahamatu ta ɗauki rigarsa za ta wanke, ta ji abu ya yi nauyi a aljihu. Ta daɗe tana jujjuya shi. Daga nan ta tura shi ƙasan tukunyar daddawa.

Ciɗo ya birkice ɗaki, ya bi hanyar kasuwa yana duban ƙasa kamar mai neman allura. Ga shi ya yi wa Rissa alkawari, wani Buzu da ya daɗe yana kawo masa aiki: jakar raƙumi, kuma ranar kasuwa zai ɗauka ya yi arewa.

"To mi za a yi, Malam?" in ji Rahamatu, tana kallon gefe. "Ga tabarma, ga basilla."

Kafin ya amsa ta shimfiɗa. Har kwalli ta saka, tsohuwa da ita.

Ciɗo ya zauna ya kwance zabirar kayan aiki. Ya ɗauki babbar basilla ya ajiye. Ya ɗauki matsakaiciya, ya wasa, ya sake wasawa. A ƙarshe ya zaɓi ƴar siririyar da yake ɗinkin laya da ita.

"Haba Malam, da wagga za ka huda jakar raƙumi? Ko keke ya mantar da kai?"

Bai yi dariya ba. Ya kafa tsinin a kan fata ya danna. Hannun ya ɗauki rawa tun daga wuyansa. Basilla ta zame ta ja dogon tabo a jar fatar. Ya sake. Rami ya fita a karkace, nesa da layi. A na gaba sai ta sauka a babban yatsansa na hagu, jini ya tsatso.

Rahamatu ta riƙe zare a sama, ta kasa saukewa. Sai yanzu ta tuna yadda tun bara yake jiƙa fata fiye da kima, da yadda yake ɗaukar ƙwaryar fura da hannu biyu, da keken hannun da ya ƙi.

"Ba ni basillar," ta ce a hankali. "Ni in huda, kai ka ja."

Ya miƙa mata. Ta huda, ta ba shi zare. Bakin zaren ya yi ta kewaya ramin, yana dungurar fata, ya ƙi shiga. Ciɗo ya ajiye shi a kan gwiwarta. Bai dube ta ba.

"Keke, ƙahwa ka yin aikin," ya ce. "Hannu dahe hwata kawai yakai." Ya rage murya ya dubi danga. "Kada Ladi ta ji."

Ta gane. Ranar da aka ji hannun baduku na rawa, ranar masu kawo aiki za su canza rumfa.

Ta tashi ta shiga madafa. Ta tono ɗan ƙarfen, ta goge shi da bakin zane, ta dawo ta sa masa a tafin hannu, ta naɗe yatsunsa a kai da nata, ta riƙe har rawar ta lafa.

"Ina kika gane shi?"

"Kaza ta tono shi bayan ɗaki."

Ciɗo ya kai shi hanci. Warin daddawa ko mai mura ya ji. Ya daɗe yana kallon hannuwansu.

"Allah shi yi ma kazar ga albarka," ya ce.

Ya naɗe fatar Rissa, ya saɓa a kafaɗa, ya fita. Rahamatu ta zauna a inda ya tashi, wurin da sauran ɗumi. Rana ta take tsaka ba ta hura wuta ba. Akuya ta zo tana tauna zaren fatar da ke gefen ƙafarta, ta bar ta ta cinye.