Filin Baba Eriya

Mafarkin da na yi jiya bai jira dare ba. Da rana tsaka ya same ni, a kan tabarmar ofis, bayan na cika ciki da shinkafa da wake.

Bari in fara da abin da na kwanta da shi a rai. Ni Bilyaminu, aikina zana koren allon nan da ke cikin rediyo da waya, wanda ake jera ƙananan kayan lantarki a kansa. Wata uku ina fama da wani da za a sa a akwati a ɗaure ƙarƙashin gadar ƙauyenmu, Marken Gulbi. In ruwa ya kai jan layi, akwatin zai aika saƙo ta iska zuwa lasifikar gari, mutane su kwashi yara su hau tudu. Gwaggo Lanti da ta raine ni, gidanta ne na farko daga bakin kogi.

A gefen allon akwai eriya, a kewayenta kuma na bar ɗan fili da bai fi farcen babban yatsa ba, babu komai a kai. Haka ƙa'idar take: in ƙarfe ya matse eriya, muryarta ba ta zuwa ko'ina. Da safe maigidana, Alhaji Tanimu, ya leƙo kwamfuta ya ga filin, ransa ya ɓaci. Ya ce a rubuta sunan kamfani a wurin da jan ƙarfe, tunda ranar bikin ƙaddamarwa za a buɗe akwatin a nuna wa manya. Na ce, "To, Alhaji." Shekara bakwai ke nan ban san wata amsa ba. Na rubuta sunan. Bayan la'asar za a tura zanen masana'anta, in an tura kuma an gama.

Ina rufe ido sai ga ni a wani gari mai koriyar ƙasa. Titunansa na jan ƙarfe ne, gidajensa baƙaƙe, kowanne da ƙafafu barkatai. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana komawa sama, don haka kowa ya juya lemarsa ya tsaya a ciki. Ban yi mamaki ba. Na san kowane lungu, ai ni na zana garin.

A ƙarshen gari na tarar da wata siririyar tsohuwa kwance, ta lanƙwashe jikinta gida biyar. Baba Eriya ce, mai shelar gari. Awaki uku suna auna filin da ke gabanta da igiya, ɗaya tana cin igiyar.

"Kai ne mai zanen?" in ji tsohuwar.

"Ni ne, Baba."

"An ce ka sayar da ni."

"Wallahi ban sayar ba."

"Kyauta ka bayar ke nan. Allah ya yi maka albarka. Je ka ofis kafin su kafa turaku."

Sai ga ni a ofishin filaye. Darakta wani bunsuru ne mai tabarau, warinsa ya riga shi cika kujera. Duk takardar da ya cinye an amince da ita, wadda ya shinshina ya bari kuma sai a dawo mako mai zuwa. Na durƙusa na gaishe shi.

"Ranka ya daɗe, na zo ne a kan filin gaban Baba Eriya."

"Na waye?"

"Ba na kowa ba ne. An bar shi ne don ya zauna babu komai."

"Me ake ajiyewa a ciki?"

"Ba a ajiye komai."

"Wa ke kwana a ciki?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Amfaninsa ke nan. Muryar Baba ce ke bi ta wurin."

Ya sauke tabarau ya dube ni da tausayi, kamar wanda ya ga mai taɓin hankali cikin riga mai tsada. Ya ce a tarihin garin nan ba a taɓa ganin fili ya kwana biyu ba a kafa masa shago ba. Filin ƙwallo ya zama shaguna, hanyar ruwa ta zama shaguna, har maƙabarta an roƙi mazaunanta su ɗan matsa, kuma sun matsa ba gardama. Ya ce in murya na son fili, ta zo da kanta da hotuna biyu da takardar mai unguwa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na miƙe na ce wane marar tunani ne ya sa hannu aka ba da wurin? Darakta ya yi gyatsa, takarda ta fito daga bakinsa a miƙe, ko lanƙwasa babu. A ƙasanta an rubuta "To, Alhaji," da rubutuna, har da 'yar ƙawar da nake yi wa harafin ƙarshe. Na koma na durƙusa.

Sai aka buga ganga, aka ce ruwa ya kai jan layi.

Na tsinci kaina a bakin titi. Wani dogon mutum ya fito daga wani babban baƙin gida a guje, sunansa Saƙo, yana ta maimaita abin da aka aike shi don kada ya manta: "Ruwa na zuwa, a hau tudu." Titin nan ni na shimfiɗa shi, gajere, miƙaƙƙe, faɗinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, domin Saƙo ba ya iya shan kwana. Amma yanzu surukin Darakta ya kafa shagon caji a tsakiya, titin ya kauce masa da kwana mai kaifi. Saƙo ya gwabza da bango. Rabinsa ya juya ya koma inda ya fito, yana ba da haƙuri, rabin ya ci gaba da ƙafa ɗaya.

A gaba an haƙa kwata ta tsaga titi, ya bar ƙafar a ciki. A gaba kuma an dawo da injin niƙan gari dab da kunnen Baba Eriya, wai don a can ne ake samun ciniki. Ko da Saƙo ya iso, baki kawai ya rage. Bakin ya hau kafaɗar tsohuwa ya raɗa mata.

Baba Eriya ta ja numfashi ta kwarara shela. A gabanta sunan kamfaninmu na tsaye, kowane harafi ya kai tsayin rumbu, yana ta ƙyalli. Muryar ta bugi harafin farko, ta faɗo ƙasa tim, ta kwanta tana haki. Wata akuya ta zo ta shinshina ta, ta ce a dawo mako mai zuwa.

Sai ga ni a Marken Gulbi. Lasifikar gari ta yi tari sau ɗaya ta yi shiru. Ruwa ya shanye gidaje, Gwaggo Lanti na zaune a tsakar gidanta, ya kai mata wuya, ta ɗaga rariya sama tana tankaɗe. Manyan da aka gayyato biki sun zo a kwalekwale, Alhaji Tanimu a gaba ya buɗe akwatin yana zagayawa da shi, ana tafi.

"Bilya," in ji Gwaggo, "ba kai ka ce in daina kwana da takalmi ba, akwatinka zai tashe mu?"

"Ya yi kira, Gwaggo. A hankali ya yi."

"To, ba komai. Miƙo akwatin in gani."

Aka miƙa mata. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta daɗe tana dubawa, ruwa na taɓa mata haɓa.

"Kai ka rubuta wannan da hannunka?"

"Ni ne."

"Ya yi kyau, ɗan nan. Ba a yi asarar makarantarka ba."

Ta mayar mini, ta gyara ɗankwali, ruwa ya rufe bakinta. Rariyar kaɗai ta rage a sama tana kaɗawa. Na buɗe baki zan kurma ihu, abin da ya fito shi ne, "To, Alhaji." Na sake gwadawa da dukan ƙarfina, shi ya sake fitowa. Kunya da tsoro suka kama ni. Manya suka ƙara tafi, tafin ya yi ta ƙaruwa har ƙasa na girgiza.

Na farka. Ashe tifa ce ke juye yashi a filin bayan ofishinmu, wanda ruwan unguwa ke bi in an yi mamako. Na tashi zaune, rigata sharkaf da gumi. Ladan bai kira la'asar ba tukuna. Kwamfuta na nan a kunne, sunan kamfani ya yi ɗare-ɗare a gaban eriya.

Daga can ƙarshen baranda Alhaji Tanimu ya ɗaga murya.

"Bilya! Kafin ka tura, na ga akwai ɗan sauran wuri a ƙasan sunan. A ƙara lambar waya."

Bakina ya riga ya buɗe da kansa. Na toshe shi da hannun hagu, na dama ya share sunan, harafi bayan harafi, har filin ya koma babu komai. Sannan na cire hannun.

"A'a, Alhaji."

Muryata ta fito siririya. Amma na ji takunsa ya tsaya cak, na san ta isa.