Ƙashin da Na Ƙi Rataya wa Kowa

A makarantarmu ta 'yan mata da ke Gummi akwai wani muƙamuƙin saniya da aka ɗaura wa igiya. Duk wadda aka ji ta yi Hausa a harabar makaranta, shi za a rataya mata a wuya, ita ma ta bi tana kasa kunne har ta kama wata ta sauke mata. Wadda Juma'a ta riska da shi, bulala shida ce a taron safe, sannan ta durƙusa ta ce wa Malam Dikko, malamin horo, "sori". Ka ji aikin banza! Ƙawarki ta zama mai farautarki.

Wannan kalma kuwa ni Atine na fi kowa saninta a ajinmu. Madam Susan, mai koya mana Turanci, mako guda ta yi a kanta. Ta ce ana faɗinta in an yi laifi, ana faɗinta ga wanda aka yi wa rasuwa ko ya yi tuntuɓe, har in mutum bai ji magana ba yana son a maimaita. Goma bisa goma na ci.

Shekarar 1999, muna aji uku, saura wata biyu jarrabawar fita. Ran nan ana hutun tara sai na hango Inna ta bayan wayar shingen makaranta, ta taso daga kasuwa da tiren gyaɗa a kai. Ta yi tuntuɓe ta zube, gyaɗa ta watse. Na sheƙa da gudu ina cewa, "Wayyo Inna, sannu! Kin ji ciwo?"

Ban rufe baki ba na ji igiya a wuyana. Zinatu ce, aminiyata, tana hawaye. Kwana uku ƙashin yana wurinta, ga ta da tsoron bulala kamar me. Ban ga laifinta ba.

Na je na yi wa Malam Dikko bayani, wai sai ya ce ai da "sori" zan ce wa Inna. Inna fa! Matar da ko rediyo ya juya Turanci sai ta kashe shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Nan take na ƙudura ba zan rataya wa kowa ƙashin nan ba, kuma ba zan ba da haƙurin laifin da ban yi ba.

Juma'a ta zo, na sha shida, na tashi bakina a rufe. Ta biyu ma haka. Kafin nan 'yan mata sun gane ba mai farautarsu, Hausa ta ɓarke a makaranta har gindin tuta. Malam Dikko ya kira ni ya ce ranar Litinin ko in furta kalmar a gaban kowa in miƙa ƙashin gaba, ko ya cire sunana daga masu zana jarrabawa.

Madam Susan ta ja ni gefe. "Atine, faɗi kawai ki wuce. Ƙaramar kalma ce."

Na ce, "Madam, ke kika koya mana inda ake faɗinta. Wanne ne nawa a ciki?"

A gida na gaya wa Inna komai. Ta daɗe tana shafa gwiwarta da ta kumbura, sannan ta ce, "Mi kinka yi musu, ɗiyata?"

"Sannu na ce miki."

"To, kin ji."

Litinin aka fito da ni gaban layi. Wallahi ina son jarrabawar nan kamar raina. Malam Dikko ya ce yana saurare. Na ɗaga murya yadda na bayan layi za su ji, da Hausa na ce, "Malam, uwata ta faɗi na yi mata sannu. In ta sake faɗuwa gobe, zan sake."

Ya cire sunana. Ina kallo su Zinatu suka zana jarrabawa suka wuce, na yi kuka har na gode wa Allah. Na maimaita aji uku da ƙannena na makaranta, ƙashin yana wuyana kullum. Tun suna duka duk Juma'a har suka gaji suka bari.

Ranar da na gama, Malam Dikko ya miƙo hannu in ba shi kayan makaranta. Na ce ƙa'ida ita ce sai wadda na kama tana Hausa, ni kuwa ban kama kowa ba. Na sa shi a jaka na tafi da shi gida.