Rabin Fuskar Idris

Ina tsoron wata fuska, kuma ni na haɗa ta da hannuna. Kwana goma na yi ban iya faɗa wa kowa wannan ba, domin ban san yadda mutum mai hankali zai fara irin wannan magana ba tare da an yi masa dariya ba.

Sunana Souleyman. Na karanci zane da haɗa fim a Yamai, na dawo Tawa da diplom ɗina, na buɗe ɗan shago a bayan tasha. Abin da ke ciyar da ni shi ne katunan biki da allunan shaguna. Abin da nake so kuwa shi ne fim. Shekara biyu ke nan ina zaga ƙauyukan Adar da kamera ɗaya, ina tattara labarin mazan da suka tafi biɗa, wato neman arziki a nesa, ba su dawo ba, kuma ba a ji mutuwarsu ba.

Ta wannan hanya Baba Haruna ya san ni. Tsoho ne daga wani ƙauye a arewacin Barmu, idanunsa sun fara yana. Wata ranar Lahadi ya shigo shagona, ya kwance wani tsumma a hankali, ya fitar da ƙaramin hoto irin na katin ɗan ƙasa. Ɗan wansa ne, Idris, wanda ya tafi haƙar zinariya a Jado shekara bakwai da suka wuce. Saƙonsa ya zo sau biyu a shekarar farko, daga nan shiru. Ya bar uwa, da mata, da 'ya guda. Hoton nan shi kaɗai ke akwai, kuma ruwan damina ya shiga akwatin da aka ajiye shi, ya cinye gefen hagu na fuskar tun daga goshi har haɓa. A kuncin dama, wanda ya tsira, akwai bille: tsaga ɗaya siririya da ta gangaro daga gefen hanci.

"An ce mani kai ka iya tada hoton da ya mutu," in ji shi. "To, mai diplom, ga shi. Ka gyara muna shi mu watsa, ko Allah ya sa wani ya gane shi."

Akwai dabarar da aka koya mana. Idan rabin fuska ya lalace, sai ka kwafi rabin mai kyau, ka juya shi kamar a madubi, ka manna a ɗaya gefen, ka goge layin haɗin. Ban kai rabin awa ba na gama. Fuska ta fito cikakkiya, da ido biyu, da kunne biyu, da bille biyu, ɗaya a kowane kunci. Tambaya ɗaya tak ya kamata in yi wa tsohon da ke zaune a bayana, ban yi ta ba. Ina ganin a lokacin na ɗauka cewa tambaya za ta rage mini daraja. Baba Haruna ya kusantar da takardar har tana taɓa hancinsa, ya ce, "Shi na. Har ya hi shi kyau." Na buga afish hamsin, takardun manna wa bango, na kuma tura hoton ta waya zuwa zaurukan Adarawa na Agadas da Jado da Libiya, na koma kan katunan bikina.

Bayan wata huɗu aka samu amsa. Wani Buzu mai suna Rissa, wanda ya yi shekaru yana tuƙa motar ruwa a Jado, ya ga afish ɗin a tashar Tawa, ya kira lambar da ke ƙasa. Baba Haruna ya ce in zo da kamera, tunda ina son labarin da ya kai ƙarshe.

Mun zauna a tsakar gidansu Baba Haruna a ƙauyen bayan azahar, a inuwar rumbu. Rissa dogo ne mai yawan raha. Da na kafa kamera sai ya gyara rawaninsa ya ce, "Yaro, ɗauke ni ta nan gefen. Wancan gefen na bar wa matata, ita ta saba da shi."

"Duk gefen da aka ɗauko ka, Buzu, rawani za a gani," in ji Baba Haruna. Aka yi dariya kaɗan.

Rissa ya ba da labarinsa a natse. Shekara biyar ko shida da suka wuce, rami ya rufta da mutum uku. Biyu an san su. Na ukun ba wanda ya san sunansa, Ba'adare kawai ake kiran sa. Rissa na cikin waɗanda suka yi masa wanka, da ruwan motarsa ma aka yi.

"Tsawonsa ko haskensa ba zan rantse a kai ba, an daɗe," ya ce. "Amma billen nan biyu, ɗaya nan ɗaya nan, su ban manta ba. Na ga mai bille guda ba iyaka. Mai biyu, shi kaɗai na taɓa gani. Da na ga takardar a tasha sai da na zauna."

Baba Haruna ya yi salati. Limamin ƙauyen, wanda ke wurin, ya ce shaida ta zo, kuma ta mutumin da ya wanke gawa da hannunsa ce. Aka tsayar da Juma'a ta sama don addu'a da sadaka, daga nan Sa'adatu, matar Idris, ta shiga takaba. Ni kuwa ina bayan kamera, ina lura da haske da sauti, har ina jin daɗin cewa fim ɗina ya samu abin da yake nema. Sai da muka kama hanyar Tawa kalmar "biyu" ta fara yi mini nauyi.

Washegari da safe na buɗe ordinatar, kwamfutata, don in fara montaj, wato yanka fim da haɗa shi. Na kira hoton Idris ya cika allo. A karo na farko na dube shi kamar mutum, ba kamar aiki ba. Babu ɗan Adam da gefen fuskarsa biyu suke daidai haka. Girar nan ita ce girar can, ɗan ɗigon da ke ƙasan idon dama yana nan a ƙasan na hagu. Fuskar tana kallo na kai tsaye, ba ta karkata ko kaɗan, kuma ba ta kowa ba ce. Na rufe ta. Amma afish ɗin na manne a ƙofar shagona, da bangon tasha, da gefen masallacin da nake salla. Duk inda na bi da rana tsaka sai in tarar da ita ta riga ni.

Na lallashi kaina cewa wataƙila na dace. Wataƙila Idris bille biyu gare shi tun asali, madubina bai ƙara komai ba. Ai baffansa ya ce shi ne. Kwana uku na rayu a kan wannan.

A rana ta huɗu, ina yanka maganar Rissa, sai na lura da gefen allo. Can baya, kusa da ƙofar ɗaki, Inna Hajara na zaune, mahaifiyar Idris. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa yin maganarsa a gaban mutane ba. Ko ranar da aka kai mata afish ɗin, an ce kawar da kai ta yi, kamar yadda kunya ta tanada. A cikin fim ɗin ma ta ba mu baya rabi, tana tsince wake a faifai kamar zancen bai shafe ta ba. Amma a daidai lokacin da Rissa ya ce "ɗaya nan ɗaya nan", hannunta ya tsaya. Ta ɗaga yatsa, ta ja shi a kan kuncinta na dama, daga gefen hanci zuwa ƙasa. Na jira ta kai shi hagu. Ta mayar da hannun cikin wake.

Na mayar da wurin baya sau da yawa, na rage gudunsa, na girmama shi har hoton ya fashe. Kullum yatsan nan gefe ɗaya yake bi.

Ranar Alhamis, ana gobe addu'a, na hau kabu-kabu daga Barmu na isa ƙauyen da hantsi. An riga an jiƙa gero, mata na daka a gidan maƙwabta. Ban iya tunkarar Inna Hajara ba. Tambayar ta game da fuskar ɗanta na fari cin fuska ne, kuma ba za ta amsa ba. Sai na nemi izinin Baba Haruna in yi wa Sa'adatu tambaya ɗaya saboda fim. Na tsaya a wannan gefen darni, ita tana wancan gefen tana tankaɗe.

"Don Allah ki yi haƙuri," na ce. "Maigidanki, billensa nawa ne?"

Ba ta daina tankaɗen ba.

"Guda na, Malam. Ga dama."

"Kin ga hoton da na yi?"

"Na gan shi tun randa anka kawo shi."

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"Da hwari na ɗauka haka na'urarku ka hiddo mutum. Ku kunka yi karatu, mi na sani?" Ta buga rariyar a tafin hannunta. "Daga baya, da Buzun nan ya zo, na san ba shi na ba. Kuma na yi shiru. In don wannan kaka tambaya, na yi shiru da sanina."

Ta ƙara gari a rariyar, ta ci gaba.

"Shekara bakwai, Malam. In an yi biki ba a san inda za a zaunar da ni ba, cikin matan aure ko cikin zawarawa. Ɗiyata Nusaiba tana tambaya ta ko ubanta na da rai, in ce mata Allah ya sani. Gobe za a ba ni wata huɗu da kwana goma, in ƙirga su, su ƙare. Ka san daɗin abin da ka ƙarewa?" Ta kakkaɓe garin hannunta. "Kuma wancan bawan Allah da anka binne, shi ma ɗan wata na. Addu'ar ba ta ɓacewa."

"To idan yana raye fa?"

"In shina raye, ya san hanyar gida." Ta ajiye rariyar. "Ka yi abin da kaka gani. Ni dai ba ni buɗe baki gaban maza."

Na koma bayan rumbu na zauna a kan wani turmi da aka kife. Na yi ƙoƙarin auna abin a tsanake, kamar yadda na saba auna komai. Idan na yi shiru, mace za ta samu ƙarshen da take jira, fim ɗina zai kammala, ba wanda zai taɓa sanin abin da na yi. Idan na yi magana, zan mayar da ita inda take tun shekara bakwai, kuma daga Barmu har Takanamat za a san cewa mai diplom ya ƙirƙiro fuska ya rarraba wa duniya. Ba wanda zai ƙara kwance mini tsummansa. Amma akwai tsohuwa a cikin gidan nan da ta san gobe za a yi sadakar mutuwar ɗanta bisa alamar da wanzami bai taɓa yi masa ba, kuma al'ada ta ɗaure mata baki. Akwai kuma wata uwar, a wani ƙauyen da ban sani ba, wadda ɗanta mai bille biyu ke kwance a Jado, kuma muna shirin karɓe mata labarin mutuwarsa. Daga inda nake ina hango ƙofar zaure. An manna afish ɗin a jikinta, rana ta kodar da shi, amma idanun nan biyu masu kama ɗaya suna nan.

Bayan la'asar maza suka taru a zaure don tsara hidimar gobe. Liman na nan, da Baba Haruna, da Rissa wanda ya kwana biyu a garin don ya halarci addu'ar. Na shiga na yi sallama. Baba Haruna ya ce, "Mai diplom, ina kamerar? Ko yau mu za mu ɗauke ka?"

Na cire takalmana, na durƙusa a bakin tabarma. Na fitar da ƙaramin hoton na asali, wanda ruwa ya ci, na ajiye shi kusa da afish ɗin a gaban liman. Ta ƙofar ciki ina jin cewa dakan mata ya tsaya.

"Baba, Malam, ku gafarce ni," na ce, kuma na ɗaga murya yadda za a ji har cikin gida. "Rabin fuskar nan na hagu ba na Idris ba ne, ni na yi shi, har da billen. Mutumin da Rissa ya wanke yana da bille biyu, Idris kuwa guda gare shi. Ba zan bari a yi addu'ar gobe bisa aikin hannuna ba. Zan bi ko'ina in cire takardun nan, in sake watsa hoton yadda yake, da rabinsa, in rubuta a ƙasa cewa kuskuren nawa ne. Maganar Sa'adatu kuma, Malam, idan akwai hanyar da shari'a ta buɗe wa matar wanda ya ɓace, ni zan raka Baba wurin alƙali a Tawa ranar Litinin."