Rai Ɗaya Tak

Tun da aka sallami Darcy daga aikin haƙar zinare a Kalgoorlie, ya tare a gaban talabijin yana wasan bidiyo na jarumai da dodanni. Don kada abin ya yi masa sauƙi, sai ya gindaya wa kansa dokoki: jaruminsa ba zai sa sulke ba, ba zai sha maganin rauni ba, kuma in ya mutu sau ɗaya a goge shi, a koma farko. Duk tsawon bazara jarumin bai faɗi ba.

Ran wata Lahadi da rana yana tsaka da artabu da dodon ƙarshe, matarsa Narelle ta tsaya a bakin ƙofa da akwati.

"Darcy, na tafi Perth gun yayata. Ba na jin zan dawo."

Ya waiwayo ya dube ta, abin da ya daɗe bai yi ba. Kafin ya juya, dodon ya gama da jarumin.

"To tayar da shi mana," in ji ta. "Wa ya gani?"

"Ni na gani. Doka doka ce."

A gabanta ya goge shi. Narelle ta yi dariyar takaici.

"Ashe ka iya cika alkawari. Sai dai wanda ba kowa a cikinsa."

Ta ja ƙofa. Yana jin tashin motarta, wasan kuwa yana tambayarsa sunan sabon jarumi.