Ranar da Zakiru Ya Shafa wa Motarsa Kaki

Zakiru bai mallaki mota ba sai da furfura ta gama cinye gemunsa. Ya zo Libreville yana saurayi, ya yi tallan agogo da tabarau a ƙafa, ya yi tebur a bakin kasuwa, daga baya Allah ya ba shi kanti a unguwar Nzeng-Ayong, inda yake sayar da shinkafa, man gyaɗa, sardin da sabulu. Duk tsawon shekarun nan a tasi yake yawo, a matse tsakanin mutanen da ba su san sunansa ba. Sai bana ya sayi wata tsohuwar Korola, shuɗiya mai duhu, a hannun wata likita da ke unguwar Batterie IV wadda za ta bar ƙasar. Injin lafiya lau. Fentin ne kawai ya dushe, saboda iskar teku mai gishiri da ruwan saman garin da ba ya gajiya.

Lokacin da motar ta samu, babu wanda zai ɗauka a cikinta. Matarsa Zubaida ta tafi Kano jinyar mahaifiyarta, tsohuwar ta rasu, ita kuma ta yi zamanta, ta ce gwiwoyinta ba sa son danshin Gabon. Ba faɗa suka yi ba. Suna gaisawa a waya, takan tambaye shi ko ya ci abinci. 'Ya'yansa maza suna can tare da ita. Rahamatou kaɗai ta rage masa, babbar 'yarsa, haifaffiyar nan, wadda ta yi karatu da Faransanci, tana aiki a wani kamfanin inshora, tana zaune da mijinta a Angondjé, can Akanda. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata.

Ita ce ta yi masa alkawarin raka shi Ntoum ranar Lahadi su duba Mailafiya. Da Mailafiya suka shigo jirgin ruwa ɗaya daga Kalaba, suka raba ɗaki ɗaya da tukunya ɗaya kafin kowa ya yi aure. Ciwon suga ya taɓa masa ido, ya rufe shagonsa ya koma Ntoum da matarsa. Zakiru ya daɗe bai je ba. Yanzu ga mota, amma hannunsa bai faɗa ba, bai taɓa fita wajen gari da ita ba, yana son wani a gefensa.

Ranar Asabar da yamma Aliou, Basenegale mai sayar da kayan mota kusa da kantinsa, ya dubi motar ya girgiza kai. Ya shiga shagonsa ya fito da wani gwangwani mai faɗi.

"Alaji, wannan sir ne," ya ce da Hausarsa ta kasuwa. "Kaki. Karnuba sunansa. Daga ganyen wata bishiyar Brazil ake samo shi, mai kama da giginya. Ka wanke mota, ka shafa, ka goge. Za ta koma amarya."

Yana shirin ƙara wani bayani sai mai neman batir ya kira shi. Zakiru ya ɗauki gwangwanin ya tafi.

Gari na wayewa ranar Lahadi ya fito tsakar gida da bokiti. Maƙwabtansa suna ta shirin coci, mata da manyan ɗankwalaye, suka wuce shi suna cewa bonjur papa, unguwar ta yi tsit. Ya wanke motar tun daga rufi har taya, ya tsane ta da tsohon tawul. Sannan ya sa gindin cokali ya ɓalle murfin gwangwanin. Abin ciki rawaya ne, a daskare kamar man shanu, yana ƙanshin kwakwa da alewa. A samansa akwai ɗan soso zagayayye. Jikin gwangwanin cike yake da rubutu ƙanana. Zakiru yana jin Faransancin ciniki sarai, har ya yi faɗa da shi in ta kama, amma karatu wani abu ne daban. Ya ce a ransa bari Uwata ta zo ta karanta masa. Ya zauna. Ya tashi. Ya ga in ya jira ta, za ta tarar da motar a dushe, shi kuwa so yake ta shigo ta tsaya ta riƙe baki.

Ya danna soson cikin kakin ya kwaso da yawa, yadda mutum yake kwasar man kaɗanya in kaushi ya dame shi. Ya lafta a kan bonet, ya bi rufi, ya bi but. Bai yi rowa ba. A ganinsa fentin ya daɗe da yunwa, gara ya ƙoshi. Gajimaren safe ya yaye, rana ta fito da ƙarfinta, ƙarfen ya fara ɗumi a ƙarƙashin hannunsa.

Wayarsa ta yi ƙara a cikin ɗaki. Rahamatou ce.

"Papa, ina kwana? Ka tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Uwata. Kin taso?"

A bayanta yana jin hayaniyar mutane da ƙarar kwanuka.

"Papa, ka yi haƙuri, wallahi. 'Yan uwan maigidan ne suka sauka daga Port-Gentil, ba su ma faɗa mana ba. Gidan a cike yake. Ba zan iya barinsu ba, ka gane ai. Dimansh, Lahadi mai zuwa, in sha Allahu, mu je tare."

"Ba komai, Uwata. Ki kula da baƙinki."

"Ba ka ji haushi ba?"

"Haushin me? Allah ya yi miki albarka."

Ya so ya ce mata akwai wani rubutu da yake son ta karanta masa, ko da hotonsa ya tura mata. Sai ya ji ana kiranta da Faransanci, ta amsa da wata murya mai sauri wadda ba da ita take yi masa magana ba. Ya bar zancen. Bayan ta kashe ya daɗe zaune a bakin gado, wayar a hannunsa, yana kallon ledar lemo da sukari marar illa da ya ƙulle wa Mailafiya.

Da ya fito, motar ta zama fara fat, kamar an watsa mata farar ƙasa. Ya ɗauko tsohuwar singileti ya goga. Kakin ya ƙi motsi. Rana ta gasa shi ya kama ƙarfen gam. Ya ƙara ƙarfi, tsumman yana cijewa, yana barin zane-zane. Gumi ya jiƙa masa riga, ya shiga idonsa. Wurin da ya samu ya fita bai kai faɗin faranti ba, kafaɗarsa har ta fara zafi. Baƙar robar da ke gefen gilashi kuwa, inda soson ya taɓa, ta yi fari kamar an goga mata alli, ya sa farce ya kankara ya ƙi fita.

Ya zauna a kan bokitin da ya kife. Daga cocin da ke bayan layi waƙa tana tasowa, muryoyi da yawa a haɗe. Ya dubi motar da ya jira shekara da shekaru, ya ga ya ɓata ta da hannunsa a safiya ɗaya, kuma babu ko wanda zai yi masa dariya.

Zafin rana ne ya tashe shi. Ya tada motar ya matsar da ita ƙarƙashin mangwaron da ke kusurwar gidan, don kansa ya samu inuwa. Da ƙarfen ya huce, sai ya ga kakin ya ɗan sassauta. Ya ci gaba da gogewa a hankali, yana juya tsumma in ya toshe, yana hutawa, yana komawa. Singileti ta ƙare, ya shiga ya yago tsohon rawani mai laushi.

Ƙofofin bai riga ya shafa musu ba. Da ya zo kansu hannunsa ya mutu, ba shi da sha'awar sake yin wani dambe, don haka ya ɗan taɓa soson kawai a kan kakin, ya zagaya shi a ƙofar direba sama-sama, har ba a cika ganin abin da ya shafa ba. Ya je ya sha ruwa ya dawo. Wurin ya yi dishi-dishi. Ya ja yatsa a kai, sai ga layi mai tsabta, shuɗi mai zurfi. Ya sa rawanin ya share sau ɗaya, sau biyu, kakin ya tashi kamar ƙura. Ashe abin ba ya son yawa.

Ya ja da baya. A jikin ƙofar ga ganyen mangwaro, ga sararin sama, ga wani dattijo da jiƙaƙƙiyar riga riƙe da tsumma. Launin ya dawo, irin shuɗin da teku take yi in magariba ta kusa. Daɗi ya kama shi kamar yaro. Ya juya wajen ƙofar kicin, bakinsa har ya buɗe zai ce Zubaida zo ki gani. Ƙofar a rufe take da kwaɗo, yadda ya bar ta.

Ya gama sauran ƙofofin ɗaya bayan ɗaya. Ya yi wanka, ya yi azahar. Yana naɗe sallaya ya tsaya, ya dubi ledar lemon. Sai ya ɗauki makulli.

Hanyar Ntoum ta ba shi wuya. Kafin ya fita daga cunkoson bakin gari 'yan tasi sun yi masa hon har ya daina jin kunya. Da hanya ta buɗe sai ga manyan motocin gungumen katako, kowace ta wuce sai Korolar ta girgiza. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana ta salati, kujerar gefensa ɗauke da leda. Ya isa ana kiran la'asar.

Iyatu, matar Mailafiya, ita ta fara ganinsa. "Lale, lale! Alhaji, kai ne da kanka? Malam, ga Alhaji Zakiru!"

Mailafiya yana zaune a kan tabarma a baranda. Ya rame, idanunsa a buɗe amma ba sa sauka a kan komai. Ya miƙo hannu wajen da ba daidai ba, Zakiru ya matsa ya kama.

"Zakiru, na ji tsayuwar mota. Wa ya kawo ka?"

"Ni na kawo kaina."

"Kai ɗin? Kai da ko keke sai da ka faɗa kwata?" Ya yi dariya har da tari. "Tashe ni. Kai ni in gan ta."

Zakiru ya riƙe shi suka taka zuwa bakin hanya. Mailafiya ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙofar, ya ja shi a hankali, ya sake ja.

"Kai! Kamar kuncin jariri. Me ka yi mata?"

Zakiru ya ba shi labarin gwangwanin tun daga farko, da laftawar, da ranar, da rawanin da ya yaga. Mailafiya yana bin jikin motar da hannu yana saurare, har ya kai bakin bonet, inda ɗan busasshen kaki ya maƙale a tsaga. Ya murza shi da yatsa ya shinshina.

"Ga shaidar haɗamarka nan," ya ce. "Haka kake zuba gishiri a miya lokacin muna gwagware. Wane launi ce?"

"Shuɗiya. Mai duhu."

Mailafiya ya gyaɗa kai, hannunsa yana nan a kan ƙarfen. Dariyar ta sauka daga fuskarsa.

"Yarana sun yanke shawara," ya ce. "Bayan Sallah za su mayar da ni gida, can ƙasarmu. Wai can akwai masu kula da ni. Na ƙi, na ƙi, na gaji da ƙi. Ban so in faɗa maka a waya ba."

Zakiru ya ce, "Shiga in zagaya da kai."

Suka bi hanyar da ta nufi cikin daji a hankali, gilashi a sauke. Mailafiya ya fitar da hannunsa waje yana taɓa jikin ƙofar, iska tana kaɗa masa hannun riga. Ya tambayi labarin Zubaida, Zakiru ya ce tana lafiya. Ya ce, "Kai fa, sai yaushe?" Zakiru ya ce kanti ba ya barin mutum. Mailafiya bai ja zancen ba, don ya san ba kantin ba ne kaɗai. Mutum in ya daɗe a wani wuri, gida ma sai ya koma masa baƙunta.

A hanyar dawowa ruwa ya sauko. Zakiru ya rage gudu ya kunna waifa. A kan bonet ruwan bai kwanta ba yadda ya saba, sai ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar tsakiya, yana gangarewa. Ya kalli abin har motar baya ta yi masa hon.

Bayan Sallah shi ya je Ntoum ya ɗauko Mailafiya da Iyatu ya kai su filin jirgi. Rahamatou ta zo ta yi musu sallama, ta durƙusa ta gaida Mailafiya, ta rungume Iyatu, sannan ta koma ofis a tasi don an ba ta izinin ɗan lokaci ne kawai. Ma'aikaci ya kawo keken guragu. Mailafiya ya riƙe hannun Zakiru ya daɗe bai saki ba, ya ce a yafi juna. Zakiru ya ce babu komai tsakaninsu sai alheri. Aka tura Mailafiya ciki, Iyatu tana biye da jaka, ƙofar gilashi ta rufe.

Zakiru ya biyo titin bakin teku. Wajen da itatuwan kwakwa suka yi layi ya gangara gefe ya kashe injin, don idonsa ya cika, ba ya ganin hanya sosai. Ya zauna har ya wuce masa. Sannan ya tuna motar masu kawo shinkafa za ta zo kafin azahar, kuma babu wanda zai buɗe musu kantin in ba shi ba. Ya share fuska da hularsa, ya duba madubi, ya hau titi.